Ubuntu 14.04 ya fi ƙarfin faifan CD, ya zan yi? (Tattaunawar shekarar 2014; farashi da sauran bayanai na wancan lokacin ne.)

Baban_Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu, kwamfutar da muke aiki da ita tsohuwar Pentium 4 ce, ram giga ɗaya, Ubuntu 12.04 ne a kanta. Wani ƙanena ya sauko min da 14.04 da aka saki a watan Afrilu, sai na tarar fayil ɗin ya kusa giga ɗaya, faifan CD kuwa mega 700 yake ɗauka. Brasero, manhajar rubuta faifai, ya ce babu wuri. Don Allah a lura: BIOS ɗin injin, wato abin da ke fara tada kwamfuta idan an kunna, ba ya tashi daga filas, na duba, abin saka faifan kuma CD kawai yake karantawa. Intanet ɗina modem ne, data tsada. In sayi abin karanta DVD, ko in sabunta ta intanet, ko in haƙura?

Sadik_Tux: Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi Yaya, ka nemi filas mai giga biyu, ka ɗora fayil ɗin da manhajar UNetbootin, shikenan.

Ɗan_Kurna: Sayi DVD emti kawai, giga 4.7 yake ɗauka. Naira 50 ne.

Baban_Ilham: Jama'a ku karanta tambayar mana. Ba ya tashi daga filas, ba ya karanta DVD.

Abu_Hanif: Ɗan Kurna a ina ake sayar da DVD naira 50? Nan Kaduna ɗari nake saye, mai kyau ɗari da hamsin.

Ɗan_Kurna: Kai ɗaiɗai kake saye, mu kwali muke ɗauka.

Injiniya_Beirut: Malam Baban Ilham, wannan ba matsalar injinka ba ce kai kaɗai. Tun 12.10, wato Oktoban 2012, Ubuntu suka daina matse fayil ɗinsu don ya shiga CD. Akwai hanyar da nake bi wa kwastomomi masu irin injinka. Ka nemi Plop Boot Manager, ɗan ƙaramin abu ne, shi za ka ɗora a CD. Ubuntu ɗin kuma ka ɗora a filas. Injin ya tashi daga CD, Plop ya miƙa shi ga filas ɗin, BIOS bai ma san an yi ba. Sai dai ka tanadi kibod mai zagayen kai na da, don mai USB yakan daina amsawa a daidai wurin. Idan kuma abin karanta DVD za ka saya, ka tabbata IDE ne, mai faffaɗar igiya. Akasarin injinan wancan zamani ita ce a cikinsu. Na hannu dubu biyu da ɗari biyar.

Abu_Hanif: Dubu ɗaya da ɗari biyar na sayi nawa.

Injiniya_Beirut: Yana aiki har yanzu?

Abu_Hanif: Sai na zura allura yake buɗewa, amma yana karantawa.

Maman_Sadiya: Ɗan uwa, duk abin da za ka yi kar ka taɓa bin ta intanet, ni ce shaida. Sana'armu ɗaya da kai. Lokacin da 12.10 ya fito, ni ma ya ƙi shiga CD, sai wani yaro ya ce ai ba sai da faifai ba, ya taɓa wani wuri, saƙon sabuntawa ya fito, na danna. Kwana muka yi abu yana saukowa, datar wata guda ta tafi. Da safe ya fara girkawa, ya kai wajen rabi aka ɗauke wuta. Kafin yarinyar shago ta ja janareta injin ya mutu. Da muka kunna, baƙin allo da wasu rubuce-rubuce. Lokacin kuwa ɗalibai na kawo furojet, aikin mutane cike a ciki, wasu har na karɓi kuɗinsu. Na kinkimi injin a adaidaita na kai wa wani mai gyara. Ya leƙa ya ce wai wannan ba Windows ba ne, cuta ce ta cinye shi. Ban ce ya yi fomatin ba wallahi, na je sallah na dawo na tarar ya share komai ya sa min Windows, har yana jiran in yi masa godiya. Wata ɗaliba ta zauna a bakin shagona tana kuka, don rubutun hannun ma ta riga ta yar. Dare da rana muka sake bugawa kyauta, wasu na mayar musu da kuɗinsu, wasu har yau ba sa gaishe ni.

Ɗan_Kurna: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Hajiya.

Sadik_Tux: Amma Hajiya takardunki suna nan fa lokacin da injin ya ƙi tashi. Da an saka tsohon faifan 12.04 an tashe shi ba tare da girkawa ba, da an kwashe komai an zuba a filas. Mai gyaran ne ya cuce ki, ba sabuntawar ba.

Maman_Sadiya: To ina kake a lokacin? Yanzu kowa malami ne.

Injiniya_Beirut: Kar a yi mana kuɗin goro. Ba duk mai gyara ne haka ba. Ni ba na share rumbun kowa sai ya faɗa da bakinsa a gaban shaida.

Sadik_Tux: Injiniya, maganar gaskiya yawancin masu gyara ba su san Linux ba. Ni shawarata Baban Ilham ya ɗauki mini.iso, ƙaramin fayil ɗin girka Ubuntu, bai kai mega 40 ba, zai shiga CD har da saura. Kuma ya duba maganar PAE, wata fasahar sarrafa ram da ke cikin firosesa, sababbin Ubuntu ba sa hawa injin da ba shi da ita.

Injiniya_Beirut: Yaro, ka taɓa kwance Pentium 4 da hannunka? Yana da PAE. Wasu laftof masu Pentium M ne ke ba da wannan ciwon kai. Shi kuma mini.iso ɗin naka, duk sauran kayan daga intanet yake jawo su yana girkawa, kuma waya yake so a jona masa. Mutum ya ce maka modem gare shi kuma data na yi masa tsada. Karatu a shafin Turawa daban, zaman shago daban.

Sadik_Tux: Ni dai ban taɓa share wa kowa furojet ba.

Gwauron_Zariya: Ni shawarata a raba fayil ɗin biyu, rabi a CD ɗaya, rabi a ɗaya, a saka su tare kamar goyon babur.

Ɗan_Kurna: Gwauro je ka yi aure, ka bar mana nan.

Mamane_Maradi: Sallama daga Maraɗi. Akwai CD mai mega 800, na taɓa samun shi nan kasuwa, minti 90 aka rubuta a jiki. Da shi na sa 12.10. Amma ba kowane inji ke iya rubuta shi ba, nawa ya lalata biyu kafin na ukun ya yi.

Abu_Hanif: Mamane, 14.04 ya wuce 800 ɗin ma, ba zai shiga ba.

Malama_Rabi: Ni tambaya zan yi wa mai tambaya. Me 12.04 ya yi maka? Ana tallafa masa har Afrilun 2017, saura kusan shekara uku. Ko ka samu hanyar saka 14.04, allon Unity ɗinsa ya yi wa ram giga ɗaya nauyi, don sun cire mara nauyin nan, Unity 2D, tun 12.10. A makarantar da nake koyarwa, da Microsoft suka daina tallafa wa Windows XP ranar 8 ga Afrilu, Lubuntu 14.04, nau'in Ubuntu mara nauyi, muka sa a tsofaffin injinanmu. Fayil ɗinsa bai kai mega 700 ba, CD na yau da kullum ya ɗauke shi, kuma shekara uku za a tallafa masa. Abiword ce manhajar rubutun da yake zuwa da ita, sai ka ƙara LibreOffice, mai aiki irin na Word, daga baya. Ta intanet kuwa, masu 12.04 ba za a nuna musu saƙon sabuntawa ba sai 14.04.1 ya fito.

Baban_Ilham: Malama na gode. Gaskiya ba abin da ya yi min, illa wasu takardun Word da ake kawowa suna hargitsewa, aka ce min sabon LibreOffice ya fi. Idan na sa Lubuntu firintata za ta yi aiki?

Abu_Hanif: Duk abin da za ka sa, kwashe takardunka a filas tukuna. Mai giga takwas dubu ɗaya da ɗari biyu.

Ɗan_Kurna: Dubu ɗaya da ɗari biyu? Jabu ne wallahi. Dubu biyu na saya.

Maman_Sadiya: Kun taɓo min wani ciwon. Bayan abin nan ya faru na sayi filas, an rubuta giga 16, kwamfuta ma ta nuna 16. Nake ta zuba aiki hankali kwance. Ranar da na buƙata, fayilolin suna nan da sunansu, amma ko ɗaya ya ƙi buɗewa sai na farko-farko. Na mayar wa mai shagon, ya ce ni na sa masa cuta.

Injiniya_Beirut: Wannan giga biyu ne ko ƙasa, aka yi masa dabara yake nuna 16. Abin da ya wuce ainihin cikinsa ɓacewa yake. Kafin ki amince da filas ki gwada shi da H2testw, zai cika shi da bayanai ya sake karantawa, ƙarya ta fito.

Sadik_Tux: A Linux f3 ne yake wannan aikin.

Mamane_Maradi: Mu nan daga wajenku ake kawo muna su ai.

Ɗan_Kurna: Haba Mamane, mu ma kawo mana ake yi. Wa ke ƙera filas a Kano?

Abu_Hanif: Memorin waya ya fi muni. Na matata ya cinye hotunan suna gaba ɗaya, har yau ni ake tuhuma.

Gwauron_Zariya: Ka ga amfanin zama gwauro ke nan.

Baban_Ilham: Jama'a, maganar firintar fa? HP ce, LaserJet.

Ɗan_Kurna: Tona nawa kake cika ta? Mu nan an ƙara mana kuɗi satin da ya wuce.