Kunun zaƙi da dawa maimakon gero, wa ya taɓa gwadawa?

Maman Ilham: Salamu alaikum. An ba ni aikin kunun zaƙi gora 150 na suna ranar Asabar a Gwammaja, har na karɓi rabin kuɗi. Da gero na saba yi, amma ga rabin buhun kaura da surukata ta aiko daga ƙauye yana ajiye. Busasshen dankalina ma ya ƙare. In yi da dawar ko in daure in sayi gero? Me zan sa a madadin dankalin? Yau Laraba fa.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Ki ƙara citta da kanumfari, ki jefa ɗan masoro.

Hajiya Babba: 'Yata, dawa na yi, sai dai kaura ja-ja za ta ba ki, kuma ta fi gero son jiƙo. Dankalin ne ba a wasa da shi, shi ke tsinka kunun ya fito da zaƙi. Mu a da in babu, shanshera muke jiƙawa mu lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu ta tsiro, kwana huɗu, mu shanya.

Maman Ilham: Hajiya, kwana huɗu ai an ci suna an watse.

Anti Mai Zobo: Kada ki canja komai! Ni bara da zafin nan na Afrilu aka ba ni na biki, gero ya yi tsada na haɗa da masara. Don sauri na juye ɗanyen ƙullun da dankalin cikin na zafi yana tururi. Da asuba na buɗe, wallahi kamar talge. Na yi ta ƙara ruwa da sukari, na ɗura, ga shi babu wuta tun dare. Kafin la'asar gorunan sun kumbura, ana buɗewa sai fuuu a jikin leshin mutane. Dangin mijina ne fa. Cikon kuɗina har yau shiru, in na shiga taro sai a ce ga mai kunu ta zo.

Baban Khalifa: Anti, burkutu kika haɗa ba ki sani ba. Allah Ya rufa asiri 'yan Hisba ba su biyo layin ba.

Anti Mai Zobo: Ka yi dariya, ba kai aka bi bashi ba.

Uwar Biyu: Ni ban ga abin wahala ba, gero ₦1,800 na sayi kwano a Dawanau makon jiya.

Maman Sadik: Wane kwanon? Jiya ₦2,500 aka ce min a Rimi. Dawanau kuma sai kin haɗa da kuɗin adaidaita.

Ɗan Kurna: Ba masarar ce ta kayar da Anti ba, zafin ne. A cikin dankali da hatsi mai tsiro akwai sinadarin da ke mayar da sitaci sukari, tafasasshen ruwa kuwa kashe shi yake. Sai kunun ya sha iska ake zubawa. Dawa kuma ba abar rainawa ba ce: da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, ita kamfanonin lemon malt suka koma wa.

Maman Sadik: Malam, ka taɓa tace kunu ko a littafi ka gani?

Hajiya Babba: Ku bar yaron nan, gaskiya ya faɗa. Shekarata talatin ina sa yatsa kafin in haɗa.

Anti Mai Zobo: Ko kin haɗa daidai mai markaɗe zai ɓata miki. Na unguwarmu wake da attaruhu yake gamawa ya zuba miki gero, bai ɗauraye inji ba.

Uwar Biyu: Namu in an ɗauke wuta ninka kuɗi yake, wai dizal. Mai ƙanƙara ma haka.

Maman Ilham: To ɗanyen dankalin Hausa fa, in na fere na markaɗa tare, zai yi?

Maman Sadik: Nawa ake ba ku ƙanƙara a wajenku?