Wa ya taɓa sauya katin sauti a tsohuwar kwamfutar gem?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata tsohuwar Core 2 Duo mai Windows XP da na ajiye don tsofaffin gem kawai, irin su Doom 3 da Battlefield 2. Har yanzu da sautin Realtek na jikin madabod nake lallaɓawa. Duk wanda ya taɓa sa wa tasa kati daban, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya kafin in zuba kuɗina.

Injiniyan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Buɗe murfin tukuna ka duba ramukan. Dogon farin nan shi ne PCI, ɗan guntun kuma PCIe, kuma katin wannan ba ya shiga wancan. Ni Audigy 2 ZS na Creative na sa wa tawa, tokumbo, katin 2003 ne mai shiga PCI. Tunda XP gare ka, ka dace, domin a XP katin ne da kansa ke sarrafa sautin gem, shi ya sa EAX ke aiki, wato fasahar Creative da ke sa sauti ya dace da wurin da kake cikin gem. A Doom 3 sai da na ɗora facin 1.3, wato sabuntawar gem ɗin, kafin zaɓin EAX ya fito. Da ya fito kuwa, tirƙashi! Ka yi harbi a babban zaure ka ji ƙarar tana amsa-kuwwa, ka shiga lungu ka ji ta toshe. Dodo na bayan ƙofa ma, da hedifon za ka gane ta wane ɓangare yake tun bai leƙo ba. Amma don sauraron waƙa ko karatu, gaskiya bambancin bai taka kara ya karya ba.

Bazazzagi: Malam, ka riƙe maganar XP ɗin nan da kyau. Ni X-Fi, wani katin Creative, na sa a Windows 7, na kunna gem ɗin F.E.A.R. na ji shi salam, babu EAX babu komai. Ashe tun daga Vista aka daina barin DirectSound3D, tsarin sautin gem na Windows, ya bi ta kan kati. Sai da na sa manhajar ALchemy, mai juya shi zuwa OpenAL, wani tsarin sauti da ke iya kaiwa ga katin, kuma gem ɗin da bai cikin jerinta da hannu na ƙara shi. Yana yi, amma akwai ɗawainiya.

Hajiyar Kafe: Ni abin da ya kai ni ga sauyawa tsiwa ce a sifika, da na motsa linzami sai in ji zzzz. Na sa kati daf da katin hoto, tsiwar ta ragu amma ba ta tafi ba. Da aka mayar da shi ramin can ƙasa sai ta yi shiru. Saura wani gunji da ke zuwa in mun koma janareta, wannan kam mai gyara ya ce soket ɗinmu ne babu wayar ƙasa, ba ruwan kati.

Injiniyan Sabon Gari: Haka ne Hajiya. Ɗan Kurna, kada ka manta ka shiga BIOS, saitin da ake shiga da an kunna kwamfuta, ka kashe sautin madabod kafin ka sa direban sabon, wato manhajar da ke tafiyar da katin, in ba haka ba wani gem ɗin sai ya riƙa tura sauti ta tsohon.

Na Damagaram: Kwamfutarka siririya ce irin ta ofis? Tawa haka take, ƙarfen bayan katin ya fi akwatin tsawo, murfi ya ƙi rufuwa. Ƙarshe ɗan na USB na saya na huta. Babu tsiwa, amma EAX sai dai labari.

Bazazzagi: Kuma a kula da katin da aka ciro daga kwamfutocin kamfani. Wasu sunan ɗaya ne amma cikin daban, direban da kowa ke saukewa ba ya karɓar su. Ka karanta lambar da ke jikin katin, mai farawa da SB, ka bincika ta kafin ka biya.

Ɗan Kurna: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na duba, babban akwati ne, PCI biyu babu komai a kai. Injiniya, ramin hedifon na gaba fa, zai ci gaba da aiki?

Injiniyan Sabon Gari: A Audigy 2 ZS wayar gaban ba ta shiga kai tsaye, bakinsu ba ɗaya ba. Ta baya nake jonawa, na ƙara doguwar waya.