Ɗan yayata a Bronx zai iya samun DACA?

Maman Biyu:
Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min. Ɗan yayata ne, an kawo shi Amurka 2005 yana ɗan shekara 6 da bizar ziyara, biza ta ƙare aka ci gaba da zama, ya gama sakandare amma babu takardar aiki, kullum yana ɗaki ya yi jugum abin yana damuna wallahi. Zai iya cike DACA, shirin nan na waɗanda aka kawo Amurka tun suna yara kuma ba su da takardun zama?

Ɗan Zongo:
Wa alaikumus salam Hajiya. A sharaɗi kam ya shiga. Ana so ya zo kafin ya kai 16, yana zaune a ƙasar ba yankewa tun 15 ga Yuni 2007, bai kai 31 ba ranar 15 ga Yuni 2012 da Obama ya fito da shirin, ga makaranta, kuma babu babban laifi a kansa. Fom I-821D ne da I-765.

Baban Sadiya:
Gaskiya ne amma a faɗa mata sauran. Tun Yuli 2021 da wani alƙali a Texas ya yanke hukunci hukumar shige da fice ta USCIS ta daina amincewa da sababbin masu nema, masu sabuntawa duk shekara 2 kawai ake yi wa. Kuma ba girin kad ba ne fa, dakatar da kora ne da izinin aiki.

Maman Biyu:
Innalillahi, to yanzu ya za mu yi?

Baban Sadiya:
Ku tattara rizal ɗin makaranta, katin rigakafi, rasit na haya, duk abin da ke nuna kowace shekara yana nan, sai ku ga lauyan shige da fice na gaskiya. Kar ku ba ɗan kanti kuɗi ya cike muku.