Zan biya malamar Kantonis ko in haƙura? Cunkoso ne damuwata

Maman Ilham: Assalamu alaikum. A watan Oktoba zan je Guangzhou sarin mayafai, daga nan in tsallaka Hong Kong. Ciniki bai dame ni ba, kalkuleta ta wadatar. So nake in iya cewa da Kantonis, yaren mutanen can, a ba ni hanya, a matsa kaɗan, da yadda zan ƙi musabaha da namiji ban ɓata masa rai ba. Wata malama ta ce yuan 150, kuɗin China, duk awa. In biya?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Riƙe "m goi je je", wato a ba ni hanya. Da ita nake kutsawa in sauka daga jirgin ƙasa a unguwar Tsim Sha Tsui ta Hong Kong. In kin taka mutum, "m hou yi si", wato yi haƙuri. Amma "hang hoi" kora ce, kada ki faɗa wa babba.

Alhaji Na-Maraɗi: Masu shagunan unguwannin Xiaobei da Sanyuanli a Guangzhou da yawansu 'yan wasu larduna ne, Mandarin, babban yaren China, suke yi, ba Kantonis ba. Kada ki zubar da kuɗinki.

Ɗan Kwari: Alhaji, ta ce har Hong Kong za ta.

Alhaji Na-Maraɗi: Yaro, tun kana firamare nake wannan hanya.

Anti Mai Leshi: 150? Ni 60 na ba wata ɗaliba.

Kabiru Waya: Tawa 200 ce, ta 60 ba za ta gyara miki karin sauti ba. Shida ne fa, kuma saye da sayarwa duk "mai" ne. Ki kula kada ki je sari ki sayar da akwatinki!

Baban Walid: Ku kuna kukan matsi, ni gudu na ake yi. A jirgin ƙasa na layi na 5 a Guangzhou, mutane a tsaye, kujerar gefena ba mai zama. Wata ta ja ɗanta, ta rufe hanci. A Afrilun 2020 mai gida ya fito min da kayana waje, otal-otal suka ƙi karɓa ta, na kwana kan kwali a bakin titi da fasfo a cikin riga. Da yarensa na roƙe shi, ko kallo na bai yi ba.

Anti Mai Leshi: Innalillahi. Allah ya saka maka. Kuɗin hayar fa?

Baban Walid: Har yau shiru.

Alhaji Na-Maraɗi: Ai namu ma ba su bar mu ba. Dillalin biza ya riƙe fasfon ƙanena tun kafin azumi, waya ma ya daina ɗauka. Akwai wanda ya san na kirki a Abuja?