Shawarwari a zaure: yadda za a fara tara duwatsun beril

Nafisa:
Assalamu alaikum, 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar tara duwatsun ma'adinai. Na ƙudura aniyar taƙaita tarina a kan dangin beril kaɗai, wato in mallaki kiristal ɗaya daga kowane launi, kamar yadda ya fito daga ƙasa, ba a yanka shi ba kuma ba a goge shi ba. Zumurrudu ne ya fi kwanta mini a rai, da shi kuma nake son farawa, sai dai hotunan da nake gani a wurin dillalai sun jefa ni cikin shakku, domin kyawun wasu duwatsun ya wuce misali. Da wanne ya kamata in fara, kuma me zan duba kafin in saya?

Malam Sanusi:
Wa alaikumus salam, Malama Nafisa. Kin yi zaɓi mai kyau, domin duk waɗannan duwatsu ma'adini ɗaya ne da ya ƙunshi beriliyam da alminiyam da silikon da oksijin, kuma abin da ya raba launinsu ɗan ƙanƙanin sinadari ne da ya kutsa cikin kiristal ɗin lokacin da yake girma. Kuromiyam ko banadiyam ne ke ba zumurrudu korensa, sinadarin ƙarfe ne ke ba akwamarin shuɗinsa kuma shi ne ke ba heliyodo rawayarsa, manganis kuwa shi ke ba morganait ruwan hoda, ya ba jan beril jansa. Wanda bai samu ko ɗaya daga cikinsu ba sai ya fito garau babu launi, shi ake kira goshenait.

Shawarata ita ce ki jinkirta zumurrudu, ki fara da akwamarin. Akwamarin yana girma ne a cikin kogunan fegmatait, wani dutse mai manyan ƙwayoyin ma'adinai, inda yake samun sarari ya miƙe ya cika siffarsa, shi ya sa ake samun sa da yawa, da girma, kuma da tsabta. Idonki zai koyi yadda lafiyayyen beril yake a kansa, kuma in aka yi rashin sa'a a ciniki asarar ba za ta yi nauyi ba. Zumurrudu kuwa shi ne dutsen da aka fi yi wa kwaskwarima a duk dangin, don haka bai dace ya zama na farkon wanda mutum zai gwada idonsa a kai ba. Ki nemi na kwarin Shigar ko na Nagar a arewacin Pakistan, waɗanda sukan zo a zaune a kan farin ma'adinin feldisfa ko a cikin ɓawon ma'adinin maika mai ƙyalli.

Injiniya Bashir:
Na goyi bayan Malam Sanusi, kuma zan ƙara da yadda za ki tabbatar beril ne a hannunki. Kiristal ɗinsa ginshiƙi ne mai gefe shida, kuma galibi kansa a shafe yake kamar an daddatse shi da wuƙa, wani lokaci da 'yan ƙananan fuskoki a kewayen bakin. Kwaz, wani ma'adini mai kama da gilashi da akan ɗauka beril ne, shi ma gefe shida gare shi, amma kansa tsini ne, sannan zanen da ke jikinsa a kwance yake, yana ratsa faɗin ginshiƙin, alhali na beril yana bin tsawonsa ne daga ƙasa zuwa sama. Wannan zane kaɗai yakan raba gardama. Tofas mai shuɗi, wani dutsen ado na daban, shi ma yakan ruɗi sabon shiga, sai dai ya fi nauyi a tafin hannu, domin nauyinsa ya ninka na ruwa kusan sau 3.5, na beril kuwa kusan sau 2.7 ne, kuma tofas yana tsagewa sumul a gindinsa ta yadda beril ba ya yi. Wanda ya fi kama da shi a siffa shi ne ma'adinin afatait, amma taurinsa 5 ne a ma'aunin Mohs da ake auna taurin ma'adinai da shi, na beril kuwa 7.5 zuwa 8.

Duk da na ambaci tauri, ina roƙon kada ki gwada karce fuskar kiristal don tabbatarwa. Gilashin ƙara girma mai ninki 10 da ƙaramar tocila sun ishe ki a mafi yawan lokuta, abin da ya gagare su kuwa aikin ɗakin gwajin duwatsu ne.

Hajiya Rabi:
Ƙanwata Nafisa, ni ina da ɗan saɓani da tsarin da kika zo da shi. Tara launi ɗaya ɗaya yana da kyau a ido, amma yakan sa mutum gaggawar cike gurbi, har ya karɓi dutsen da kansa ya gutsure ko wanda ba a san inda aka haƙo shi ba, don kawai launinsa ne ya rage. A wurin masu tara kiristal, abin da ake fara dubawa shi ne ko kansa cikakke ne, ko gefunansa ba su da rauni, ko yana da sheƙi na asali, sannan ko yana zaune a kan uwar dutsensa, wato dutsen da ya girma a jikinsa. Launi yana zuwa ne bayan waɗannan.

Akwai wani ɗan akwamarin na tsaunukan Erongo a Namibiya da nake ajiye da shi, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Gindinsa a dushe yake, hasken tocila ba ya ratsa shi, amma yayin da kike hawa sama sai ya riƙa washewa, har kansa ya zama shuɗi garau, sannan a gefensa baƙin kiristal na ma'adinin tomalin ya jingina da shi a kan feldisfa mai launin madara. Duk wanda ya san harkar, da ya ga wannan haɗi zai ce Erongo ne tun kafin ya karanta takardar. Wannan ilimi ne ake samu idan mutum ya tara akwamarin na wurare da dama ya jera su, na Pakistan da na Namibiya da na jihar Minas Gerais a Barazil, kowanne da halinsa. Saboda haka kada ki sayi dutsen da ba shi da takardar da ta faɗi mahaƙarsa, ko aƙalla gundumarsa da ƙasarsa, kuma kada ki jefar da tsohuwar takarda ko da ta yage, domin tarihin dutsen ke nan. Shafin intanet na Mindat, mai tattara bayanan ma'adinai da mahaƙunsu, zai taimaka miki ki kwatanta abin da aka ce miki da hotunan duwatsun da aka tabbatar sun fito daga wurin.

Abdulhadi:
Ina biye da ku, kuma ni ma ina da tambaya ga Malam Sanusi. An nuna mini wani beril mai shuɗi sosai, har ya kusa kai launin baba, an ce akwamarin ne mafi daraja. Shin akwamarin yakan yi duhu haka?

Malam Sanusi:
Malam Abdulhadi, ka yi hattara da shi. Akwai akwamarin masu cikakken shuɗi, irin waɗanda aka sani daga mahaƙar Santa Maria a Barazil, amma shuɗin da ya yi duhu irin wanda ka kwatanta yakan zama na nau'in Maxixe, wanda aka fara samu a 1917 a Minas Gerais. Launinsa ba daga sinadarin ƙarfe yake ba, tururin nukiliya ne ya haifar da shi, ko a cikin ƙasa ko a hannun mutane, kuma yana koɗewa idan ya daɗe a haske. Ba laifi ba ne ka mallake shi idan an sayar maka da shi da sunansa, ka kuma adana shi a cikin akwati mai duhu.

Ku kuma sani cewa yawancin akwamarin da aka yanka don ado an gasa shi a zafin da ya kai kusan digiri 400 na Salshiyas, domin a kawar da ɗan koren da ke cikinsa. Ga mai tara kiristal, wannan shuɗi mai sirkin kore abin so ne, domin alama ce cewa da wuya wuta ta taɓa shi.

Malam Ɗanlami:
Tunda zumurrudu ne a ran Malama Nafisa, bari in yi bayani a kansa, domin ko ba yau ba za ta saye shi. Na Kolombiya, wato na mahaƙun Muzo da Chivor da Coscuez, ya sha bamban da sauran, domin yana fitowa ne a cikin jijiyoyin farin ma'adinin kalsait da suka ratsa baƙin dutsen laka, sau da yawa tare da ƙwayoyin ma'adinin fairait masu ruwan zinariya. Na yankin Kafubu a Zambiya kuwa yakan zo a cikin dutse mai baƙar maika ko a cikin kwaz, kuma korensa yana da ɗan sirkin shuɗi saboda ƙarfen da ke ciki. Idan aka ce miki na Muzo ne amma kika ga uwar dutsen maika ce, to takardar da dutsen ba su yarda da juna ba.

Babbar matsalar zumurrudu a kan uwar dutse ita ce liƙi. Akan sami kiristal na gaske da ya faɗo shi kaɗai, a ƙwaƙule rami a cikin kalsait, a dasa shi da gam, sannan a barbaɗa garin dutsen a kewaye don a rufe bakin. Ki sa gilashi ki bi layin da kiristal ya haɗu da uwarsa. Idan kin ga wani abu mai sheƙi kamar busasshen ruwa, ko 'yan kumfa, ko gari da ya dunƙule a wuri ɗaya, to hannu ya taɓa shi. Fitilar ultrabayolet tana taimakawa, domin gam iri-iri suna haskawa a ƙarƙashinta, ko da yake ba duka ba. A bambance wannan da gyara na gaskiya, inda kiristal ya karye wurin haƙa aka mayar da shi mazauninsa. Masu tara duwatsu sun yarda da irin wannan gyara matuƙar dillali ya faɗa kuma an rubuta a takarda.

Sai batun mai. Kusan kowane zumurrudu yana da tsaga, kuma an daɗe ana cika su da man itacen sida ko da roba mai ruwa don su ɓace wa ido. Ki tambayi dillali kai tsaye ko an yi hakan. Kada tabon cikin dutsen ya tsorata ki, domin shi ne shaidarsa. A cikin na Kolombiya akan ga ɗan rami mai baki kamar zarto, ɗauke da ruwa da kumfar iska da ƙwayar gishiri mai kusurwa huɗu, duka uku a wuri ɗaya. Wanda ya yi tsabta fes babu ko ɗigo shi ya kamata a tuhuma, domin tun shekarun 1930 ake ƙera zumurrudu a ɗakin gwaji.

Nafisa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karɓi shawarar farawa da akwamarin, kuma maganar Hajiya a kan takarda ta shige ni. Amma ina son jin ra'ayinku a kan jan beril, domin an taɓa yi mini tayin wani da aka ce daga Madagaska yake.

Injiniya Bashir:
Wannan tayi yana buƙatar bincike. Jan beril mai ingancin ado daga wuri ɗaya aka san shi, wato tsaunukan Wah Wah a jihar Utah ta Amurka, ko da yake an fara gano ma'adinin a 1904 a tsaunukan Thomas na jihar. Yana fitowa ne a cikin farin dutsen aman wuta da ake kira rayolait, kuma ƙanana ne ƙwarai, wanda ya kai santimita biyu ma babba ne. Abin da ke fitowa daga Madagaska mai ja da sirkin hoda galibi fezotait ne, wanda aka amince da shi a matsayin ma'adini mai zaman kansa a 2003. Ɗan'uwan beril ne mai ɗauke da sinadaran siziyam da litiyam, kuma ya cancanci wuri a tarinki, amma da sunansa. Akwai kuma jan beril da aka ƙera a Rasha, don haka na kan uwar dutsensa ya fi kwanciyar hankali.

Hajiya Rabi:
Kafin ki kai ga ja, akwai biyu da nake so ki duba. Heliyodo na Volodarsk a Yukiren ba shi da santsin gefe irin na akwamarin, domin ruwan da ya haife shi ya dawo ya zaizaye shi, ya bar masa matakala da ramuka masu kusurwa a duk jikinsa, kuma idan haske ya bi ta cikinsu rawayar takan sauya daga wannan fuska zuwa waccan. Wanda bai sani ba zai ɗauka lalacewa ce, alhali ita ce darajarsa. Morganait kuwa, wanda masanin duwatsun ado George Kunz ya raɗa wa suna don girmama attajiri J. P. Morgan, yakan fito a gajarce, faɗinsa ya fi tsayinsa, musamman na Afghanistan da na gundumar San Diego a Kalifoniya. Ajiye shi kusa da dogon akwamarin yana nuna yadda ma'adini ɗaya ke sauya siffa. Goshenait bai da wahalar samu, kada ki damu da shi yanzu.

Abdulhadi:
Tambayata ta ƙarshe, yaya ake wanke su?

Malam Ɗanlami:
Ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi da buroshi mai laushi sun wadatar, kuma a guji sauya musu zafi da sanyi farat ɗaya, domin masu ruwa a cikinsu suna iya tsagewa. Kada a sa zumurrudu a injin wanki mai girgiza ruwa da sauti, saboda yana fitar da man da ke cikin tsaga, yana kuma iya faɗaɗa ta. Asid ɗin oksalik yana cire tsatsa daga akwamarin da ke kan feldisfa ko kwaz, amma kada ya kusanci dutsen da uwarsa kalsait ce, domin zai cinye ta. Riƙe beril a hannu ba ya cutarwa, sai dai duk wanda zai yanka uwar dutsen don rage girmanta ya yi aikin da ruwa kuma ya rufe hanci da baki, domin ƙurar da ke ɗauke da beriliyam da silika tana yi wa huhu illa.