Neman kalma: me zan kira jirgin feshin nan a shirin manoma?

Mai Shirin Noma: Assalamu alaikum malamai. Gobe Laraba da safe za a ɗauki shirina na manoma, kuma har yanzu kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Baƙona matashi ne da ke yi wa manoman shinkafa feshi a wajajen Kura da Garun Malam da abin nan da Turawa ke kira drone. Kalmar za ta fito fiye da sau talatin a cikin minti ashirin da biyar. "Jirgi maras matuƙi" da ake faɗa a labarai ya yi mini tsawo, amma ba tsawon ne ya fi damuna ba. Duk manomin da na gwada faɗa wa, sai hankalinsa ya tafi kan na yaƙi. Ku taimaka mini kafin dare.

Ɗan Fagge: Wa alaikis salam Anti. Duron. Yaran da ke ɗaukar bidiyon biki da shi haka suke cewa, kowa kuma ya gane.

Tsohon Mai Fassara: Akwai "kurman jirgi", jam'i "kuramen jirage". Wasu gidajen rediyo sun yi amfani da shi, kuma gajere ne.

Maman Ɗalibai: Baba, ku yi haƙuri, wannan kam ban yarda da shi ba. Ina koyar da yara kurame, kuma ban ga abin da ya haɗa su da injin da ke jefa bam ba. Abin ma yana karɓar umarni daga nesa, ya bi shi daidai. Ina kurumtar take?

Malamin Nahawu: Ku dakata. Kafin a ari kalma ko a lanƙwasa wata, a fara duba rumbun gida. Mene ne abin da wannan na'ura ke yi wanda yawancin jirage ba sa yi? Shawagi. Tana tsayawa cak a sama kamar shirwa ta hango ɗan tsako. Saboda haka sunanta MASHAWAGI, jam'i mashawaga, a bisa awon maharbi da maharba, manomi da manoma. Na shekara uku ina koya wa ɗalibaina ita. Wanda ke feshi mashawagin gona, wanda ke kai hari mashawagin yaƙi, wanda ke ɗaukar hoto mashawagin hoto. Kalma ɗaya ta raba gardama.

Ɗalibar Digiri na Biyu: Allah ya gafarta Malam, ina da 'yar tambaya. Ɗafa-goshin ma- a kan aikatau yake hawa: harba ta ba da maharbi, noma ta ba da manomi. Shawagi kuwa suna ne, cewa ake "ya yi shawagi", ba a cewa "ya shawaga". Idan za a bi hanyar hauka, haukata, mahaukaci, to sai dai mu ce shawagta, mashawagci, wanda kuma nauyi gare shi a baki.

Malamin Nahawu: 'Yata, nahawu bayan magana yake zuwa, ba gabanta ba. In mutane suka karɓi mashawagi, aikatau ɗin zai biyo baya da ƙafarsa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka zama ragwaye. Kakanninmu da suka ga jirgin da ke tashi ba su ari sunan Turawa ba. Jirgi a wajensu na ruwa ne, sai suka faɗaɗa shi, aka samu jirgin ƙasa da jirgin sama. Suka ga helikwafta suka ce jirgi mai saukar ungulu. Aka harba na'ura sararin samaniya suka ce tauraron ɗan'adam. Yau kuma jikokinsu sun zo da "duron", kamar duron man fetur.

Ɗan Fagge: Malam, na'ura mai ƙwaƙwalwa fa? Shekara nawa ana fama da ita, amma ka shiga kasuwar Farm Centre ka ga ko akwai mai cewa wani abu ban da kwamfuta. Yanar gizo ma tana nan tana kokawa da intanet.

Malamin Nahawu: Kasuwa ba makaranta ba ce.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni abin da ka ba ni mamaki, kullum in anka tashi zancen kalma, sai a yi kamar Hausa ta tsaya iyakar Jibiya. Mu nan mun riga ku sanin wannan abu. Amurka ta gina sansanin irin waɗannan jirage a Agadas, sun yi shekaru suna tashi daga can, sai watan Agusta na 2024 sojojinta sunka miƙa wurin sunka fita. Gwamnatinmu kuma ta sayo na yaƙi ƙirar Bayraktar TB2 daga Turkiyya. Mutane "dron" su ka cewa, daga Faransanci. In ku kun ce duron mu mun ce dron, ai ga kalma guda ta haɗa ƙasa biyu, abin da mashawagi ba ya yi sai an bi kowa gida an koya mishi.

Malamin Nahawu: To shi ke nan, Ingilishi da Faransanci sun haɗa kan Hausawa, Hausa ta kasa. Wannan abin kuka ne ɗan'uwa.

Ɗan Maraɗi: Ba abin kuka ba ne Malam. Abin kuka shi ne a zauna Kano a yanke kalma, a kira ta daidaitacciya, mu kuma a ce tamu karin harshe ce.

Tsohon Mai Fassara: Ku sassauta. Na yi shekaru a ɗakin fassara, kuma abin da na koya shi ne Turawan ma ba daga sama suka samo kalmar ba. Asalin ma'anarta namijin ƙudan zuma, wanda ba ya harbi, ba ya haɗa zuma, sai ƙugi. Ana danganta sa wa jirgi sunan da wani jirgin Ingila na 1935 da ake sarrafawa da rediyo domin sojoji su koyi harbo jirage, wanda aka raɗa wa suna sarauniyar zuma. A Yukiren ma, jiragen Shahed ƙirar Iran da Rasha ke turo musu tun 2022, mutanen gari da sunan ƙaramin babur suke kiransu, saboda ƙarar injinsu. Kunne ne ke raɗa irin wannan suna. Da manoman Kura za a bari, ba mamaki su ce masa buzuzu.

Mai Shirin Noma: Malamai, don Allah mu dawo. La'asar ta wuce. Bari in faɗi abin da ya sa na dage. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojoji ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85. Tun daga ranar, wannan suna ya ɗauki nauyin da ba ya sauka a kunnen mutanen karkara. Ba zan buɗe shiri in ce wa dattijo ya bar jirgi maras matuƙi ya bi ta kan gonarsa ba. Alhali a jihar Kadunan nan ne kamfanin Zipline ya fara kai magunguna da allurar rigakafi asibitocin karkara da irin wannan jirgi a 2022, bayan ya fara da kai jini a Ruwanda a 2016. Abu ne mai fuska biyu, ni kuma fuskar gona nake so manomi ya gani.

Maman Ɗalibai: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Gaskiyarki ƙanwata.

Mai Feshi: Salamu alaikum iyayena. Ni ne baƙon da Anti ke magana, yanzu ta sa ni a ciki. Abu na farko, cewa ba shi da matuƙi ba daidai ba ne. Ni ne matuƙinsa, a kan kunya nake tsaye da rimot a hannu, ni nake zana masa iyakar gona a allo kafin ya tashi. Wanda nake aiki da shi ƙirar DJI ne na ƙasar Sin, tankinsa lita 40, injin feshi na goyo kuwa lita 16 ko 20 yake ci, kuma mai goyon shi ke kutsawa cikin ruwa da taɓo yana shaƙar maganin. Iskar farfelarsa tana danna feshin ƙasa har ya shiga ƙarƙashin ganye. Batir ɗin ne dai ba ya jimawa, sai ana canzawa ana caji da janareta a bakin gona. Abu na biyu, manoman da nake wa aiki ba sa cewa duron, ba sa cewa komai mai tsawo. Cewa suke, "Yaushe za ka kawo jirgin feshin?"

Tsohon Mai Fassara: To ai ga ta nan. Sai dai akwai jirgin feshi na asali, mai mutum a ciki, wanda gwamnati ke turowa a kan tsuntsayen jan-baki a Kebbi da Jigawa. Kada a rikita su.

Ɗalibar Digiri na Biyu: Sai a sa ɗan. Ɗan jirgin feshi, jam'i 'yan jiragen feshi.

Malamin Nahawu: Wannan bayani ne, ba suna ba. Gobe in an zo kan mai ɗaukar hoto ko mai kai magani, za ku sake dawowa nan kuna nema. Amma tunda daga bakin manoma ta fito, kuma babu baƙuwar kalma a cikinta, ba zan hana ba. Ina dai roƙon a ambaci mashawagi ko sau ɗaya ne, a ji yadda masu sauraro za su karɓe ta.

Ɗan Maraɗi: Mu dai nan dron za mu ci gaba da cewa.

Mai Shirin Noma: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga yadda zan yi: a buɗe shiri zan ce "ɗan jirgin feshi da ake tuƙawa daga ƙasa, wanda matasa ke kira duron", daga nan sai "jirgin feshi" har ƙarshe. Malam, mashawagi ba zai shiga na gobe ba, lokaci ya ƙure, amma ranar da za mu buɗe layin waya zan jefa tambayar ga masu sauraro. Ƙanena, ƙarfe takwas daidai, ka zo da rimot ɗin a ɗauki ƙarar tashinsa a harabar tasha.