Nutso a Thistlegorm: takardar mita 30 ta isa a shiga ciki?

Ɗan Koyo: Salamu alaikum. Mai takardar nutso ta mita 30 zai iya shiga rumbunan kayan Thistlegorm, jirgin Birtaniya da jiragen saman Jamus suka nutsar a Bahar Maliya ranar 6 ga Oktoba 1941? Kuma silinda ɗaya, wato tukunyar iskar numfashi, ta wadatar?

Gwanin Ruwa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Takardarka ta kai ka zurfin, don jirgin yana kwance wajen mita 30. Shiga ciki kuwa horo ne dabam. Fara da lissafin iska. Silinda mai lita 12 a bar 200 (bar ma'aunin matsi ne) tana ɗauke da lita 2,400. In kana shaƙar lita 20 a minti a saman ruwa, a mita 30 ya zama 80, saboda matsin ya ninka huɗu. Raba iskar uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Ka ga na shiga lita 800 ne, minti goma kacal.

Uwar Tawaga: Ƙanena, abin da na fi ji maka tsoro shi ne laka. Bugun ƙafa ɗaya zuwa ƙasa ya isa ya tada ta, kumfar numfashinka kuma tana kakkaɓo tsatsa daga rufi, nan take ka daina ganin hannunka. Yi bugu irin na kwaɗo, gwiwa a lanƙwashe. Riƙe tocila biyu da wuƙa, ka ɗaure duk abin da ke reto, wayoyi na kamawa. Rumbu na 1 da na 2, inda babura da motocin Bedford suke, a buɗe suke ta sama. Ka tsaya inda kake hango hasken fita. Harsasan da ke wurin da bam ya fasa jirgin kada ka taɓa, har yanzu makamai ne.

Mai Lissafi: Da iska zalla minti 20 ne iyakarka a mita 30, wato iyakar zaman da za ka yi ka hau ba tare da tsayuwar dole a hanya don jiki ya fitar da naitrojin ba. Naitros, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, mai kashi 32 cikin ɗari, zai ƙara maka kusan goma, amma kada ka wuce mita 33 da shi, yawan oksijin na jawo farfaɗiya. Ruwan wurin yana da ja, saboda haka sauka da hawa duk a kan igiya. Ka riƙa hawowa mita 9 a minti, ka tsaya minti 3 a mita 5, kuma sai bayan awa 18 za ka hau jirgin sama.